Kashin Kaji, na Awaki, ko Takin Rami? Zaɓen Taki ga Mai Shuka Tsirran Magani a Damagaram

Mai noman zogale don kwaɗo da dambu yawan ganye yake nema, ko da wane taki aka samo shi. Wanda kuwa yake shuka zogale, ko ɗoɗɗoya, ko yakuwa, don a shanya a daka a ba marar lafiya, lissafinsa daban ne. Ba ɗanyen ganye zai sayar ba, kuma masu shan kayansa galibi mutane ne da jikinsu ya riga ya yi rauni: mai jego, yaron da tamowa ta kama, tsoho mai hawan jini. Tun da saiwa da sassaƙe suka fara wuyar samu a dajin da ke kusa da gari, mutane suka koma shuka abin da zai shuku, wasu a garake a Mirya da Gidimuni da kwarin Korama, wasu a lungun tsakar gida cikin unguwannin Birni ko Zango na Zinder, har da cikin tsofaffin bokitai da buhunan siminti. Da an zo maganar taki sai ra'ayi ya rabu. Wannan ya ce ba kamar kashin kaji, wancan ya ce na awaki, wani kuma ya aika mai amalanke ya kwaso masa bola.

Matsayina shi ne: ruɓaɓɓen takin awaki da tumaki, wanda ya kwana cikin rami ya yi zafi ya huce, shi ya kamata ya zama ginshiƙi. Kashin kaji ƙari ne ga tsirrai ƙalilan. Toka da gawayi da tunkuzar bedi, wato dogon yaro, kowanne yana da wurinsa da iyakarsa. Bolar gari kuwa kada ta kusanci abin da za a sha da sunan magani.

Ɗaci da ƙamshi da kalar da muke nema a jikin tsiro ba don mu ya yi su ba. Makamansa ne na kare kai daga ƙwari da dabbobi da zafin rana. Idan ƙasa ta cika da sinadarin naitirojin, wanda malaman gonarmu suka fi sani da azot, tsiron yakan mai da ƙarfinsa wajen tofo: ganye ya yi faɗi, ya yi shar, ya ƙoshi da ruwa. A ido abin sha'awa. Amma a tsirrai da yawa, sinadarin maganin da ke cikin kowane awo na ganyen sai ya ragu, don an raba kaɗan ga ganye mai yawa. Nau'in tazargaden da ake ciro maganin masassarar cizon sauro na asibiti daga gare shi ya isa misali. Sinadarin atemisinin da ke cikin busasshen ganyensa yana kamawa daga abin da bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba har ya haura kashi 1, gwargwadon iri da ƙasa da lokacin yanka, kuma gwaje-gwaje sun nuna yawan naitirojin yana rage shi. Ganye mai laushi da ruwa kuma shi darɓa ta fi so.

Kada dai a ɗauka yunwa ce ke gyara magani. Tsiron da ya tsumbure ba ganye ba mai. Na'ana'a da ɗoɗɗoya suna ba da mai da ƙamshi mafi yawa idan sun sami abinci daidai wa daida, akwai ma tsirran da sinadarinsu da naitirojin ake gina shi. Abin nema shi ne takin da ke sakin abincinsa sannu a hankali, ba mai juye shi gaba ɗaya cikin sati biyu ba.

Ƙasar da za a zuba wa

Kafin a yi gardamar taki, a dubi ƙasa, domin iri biyu muke da su kuma buƙatarsu ta saɓa. Jigawa, wadda ita ce mafi yawa, rairayi ce. Ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ko rabin haka bai kai ba. Fosfor, wani sinadarin abincin shuka, ya yi mata ƙaranci ƙwarai, tana da ɗan tsami, ruwa kuma ba ya zama: ka ba fangali ruwa da hantsi, kafin la'asar ya yi ƙasa da abincin da ya narke a cikinsa. Ga ruwan sama da a birnin Zinder yake wajen milimita 400 a shekara, ko da yake kudu, wajen Magarya da Matamaye, ya fi haka. A irin wannan ƙasa aikin taki biyu ne, ciyarwa da riƙe laima, kuma na biyun ya fi na farkon wuyar samu.

Ɗayar ita ce ƙasar kwari da bakin tabki, musamman gabas, daga Gidimuni zuwa kwarurrukan Gure, inda kanwa take kusa. Alamarta ba ta ɓuya: bayan ban ruwa, idan fangali ya sha iska, sai ka ga fari-fari a bakinsa. Wannan ƙasa ta fi jigawa ƙarfi da laima, amma duk abin da zai ƙara mata gishiri ko kanwa cuta ne gare ta. Takin da ya raya zogale a jigawar Dungas yana iya ƙone na'ana'a a can.

Kaji, awaki, shanu

Kashin kaji ya fi duka ƙarfi. Busasshensa yakan ɗauki naitirojin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ga fosfor mai yawa, wanda shi ne ainihin abin da jigawa ta rasa. Aikinsa da sauri yake, kwana kaɗan ka ga ganye ya canza. Iri na ciyawa ma kaɗan ne a cikinsa. Wannan ne ya sa masu salati da kabeji suke rububinsa. Illarsa daga ƙarfin nan take fitowa. Ɗanyensa yana ƙone saiwar dashe, warin nan mai hawa kai da yake yi naitirojin ne ke tashi sama, yana da gishiri, kuma yana cikin takin da ya fi ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa irin su Salmonela. Wanda ake kwasowa daga gidajen kajin zamani yakan zo haɗe da ɓuntu ko garin katako, wani lokaci da ragowar magungunan da aka ba kajin. Ga zogalen da ake yanka duk bayan ƴan makonni, wanda kullum sabon tofo ake nema daga gare shi, ruɓaɓɓen kashin kaji yana da amfani sosai. Ga yakuwar da ake nema don zoɓorodo kuwa ɓarna ce: ta yi tsawo, ta yi ganye har ta rufe mutum, ƴaƴa kaɗan.

Kashin awaki da tumaki yana tsakiya wajen ƙarfi, kuma kusan kowane gida a Damagaram akwai shi, ba sai an fitar da ko dala ba. Busasshe ne, ba ya cika wari, yana narkewa a hankali, shi ya sa ya dace da tsiron da ake son ƙamshinsa ko ɗacinsa. Sai dai a lura da abu biyu da mutane ke wucewa. Na farko, yawancin fotash, shi ma sinadarin abincin shuka ne, da kusan rabin naitirojin da dabba ke fitarwa cikin fitsari suke, ba cikin kashi ba. Wanda ya share ƙwallayen sama kawai ya bar baƙar ƙasar gindin turke da ragowar harawar da ta jiƙe, ya bar mafi kyawun takin a baya. Na biyu, taki daga abincin dabba yake. Ragon da aka ɗaure ana ba shi dusa da harawa da kowar wake don layya, takinsa ba ɗaya yake da na akuyar da ke yawon tsintar kara a watan Afrilu ba. Matsalarsa ita ce ƙwallayen suna da tauri. A jigawa busasshiya suna iya shekara ba su narke ba, iska ta mirgina su ta tara a gefe, sai an jiƙa su ko an bubbuge su kafin su yi aiki. Suna kuma zuwa da iri: ƙarangiya, da ƴaƴan bagaruwa da na gawo waɗanda suka bi ta cikin dabba, su kuwa sun fi tsira da sauri bayan haka.

Kashin shanu ya fi su sanyi. Wanda ya daɗe a makwanta yana shan rana, ya haɗu da rairayi, naitirojinsa ba ya cika wuce kashi 1 cikin 100. Amma shi ya fi ba ƙasa jiki, domin yana da zare-zaren ciyawa da ke riƙe ruwa, kuma da wuya ya ƙone shuka. Tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi, a sauke garke a gona bayan kaka a ba da hatsi, a kan wannan amfanin aka gina ta. Abin tsoronsa gara ce. Idan bai ruɓe ba aka binne shi gindin dashen zogale ko lalle, gara za ta zo don kashin, ta gama da shi ta koma kan saiwa. Gwazarma ma a cikinsa take ƙyanƙyashewa. A gonar hatsi da aka yi wa ramukan tassa, zuwan gara alheri ne, tana huda ƙasa ruwa ya shiga. A fangalin dashe kuwa ba haka ba.

In a jera su, ga tsiron magani a jigawa zan sa na awaki gaba, na shanu ya biyo a matsayin abin haɗi, na kaji ya zo a ƙarshe da awo. A ƙasar kanwa sai na shanu ya koma gaba, na kaji ya fita gaba ɗaya ko ya ragu ƙwarai. Masu tambaya ta fuskar tsarki kuma, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba, saɓanin na jaki da doki. Tsarki na ibada dai daban, tsabta daga ƙwayar cuta daban.

Ɗanye ko ruɓaɓɓe

A nan ne bambanci mafi girma yake, ya ma fi na tsakanin kaza da akuya. Dubi yadda muke shan magani. Jiƙo da ruwan sanyi ake yin sa, ya kwana, a sha. Garin zogale a kan kunu ko fura ake barbaɗa shi bayan an sauke. Ganyen na'ana'a wani lokaci ɗanye ake tauna shi. Duk waɗannan ba su ga wuta ba. Idan ruwan ban ruwa ya fantsamo ɗanyen kashi a kan ganye, shanya a inuwa ba ta kashe abin da ke ciki, ƙwan tsutsar ciki kuwa yana iya watanni da rai. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 kan noma da tattara tsirran magani ta hana amfani da bayan gidan ɗan Adam a matsayin taki, ta kuma ce kashin dabba sai an ruɓar da shi sosai. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa takin zamani ta tanadi cewa idan an zuba ɗanyen kashi, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ɗoɗɗoya da na'ana'a ba sa jiran kwana 90 kafin yankan farko. Ke nan ɗanyen taki ba shi da gurbi a fangalinsu.

Takin rami shi ke warware wannan. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kada ya wuce mita 1. A shimfiɗa busasshen abu, wato ƙaiƙayi, guntayen kara, ganyen bishiya, ɓawon gyaɗa, sai a bi da kashin dabba, kamar kashi biyu na busasshe ga kashi ɗaya na kashi, ana yayyafa ruwa hawa-hawa har ya cika. Laimar da ake so ita ce ka damƙa ya dunƙule amma ruwa bai tsiyaya ba. A rufe da tsohuwar tabarma ko buhu. A soka ƙarfe a tsakiya: bayan ƴan kwanaki idan ka zaro shi ka kasa riƙewa, aiki ya kama. Zafin nan, digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A juya duk sati biyu don na gefe ya shiga tsakiya, domin gefen rami ba ya yin zafin da tsakiya ke yi. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya sauka a kanta, ba ka gane kara ba ka gane kashi. Mai iya samun garin dutsen fosfat na Tawa ya barbaɗa kaɗan tsakanin hawa-hawan, ruɓewar tana taimaka masa ya narke. Kilo 2 zuwa 3 na takin ramin a kowane murabba'in mita shi ne awon da aka saba ba masu garka.

Tsadarsa ba ta kuɗi ba ce, ta ruwa ce da ƙarfi. Zinder a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san yadda bido, wato jarkar ruwa, yake daraja. Ba wanda zai sayi ruwa wajen ɗan ga-ruwa ya zuba a rami. Don haka lokacin haɗa rami shi ne ƙarshen damina, Agusta zuwa Satumba, sama ta yi maka ban ruwa, ciyawa kuma ga ta a yalwace, ya nuna daidai lokacin da ɗari ya shigo ana shirin noman rani. Mai ƙaramin rami a gida ruwan alwala ya ishe shi, da ƙasari idan awaki sun rage. Ruwan sabulu da na omo kada ya shiga.

Takin bola shi ne mafi araha, kuma araha ba ta ado. A da, abin da jakuna ke fita da shi daga gari cikin mangala toka ce da shara da kashin dabbobi, taki ne na gaske, shi ya raya gonakin bakin birane irin su Zinder da Kano shekara da shekaru. Bolar yau leda ce, da matattun batura, da gwangwanin fenti, da baƙin mai, da ƙyallen jarirai na zamani, wani wuri har da allurai. Ana iya tankaɗe leda da kwalba, amma ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom da suka riga suka narke cikin ƙasar ba rariyar da ke tare su. Tafasa ba ta kore su, shanya kuma tattara su take yi, tun da kilo 10 na ɗanyen ganye ba ya wuce kilo 2 ko 3 idan ya bushe, ƙarfen kuma yana nan yadda yake. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a busasshen maganin tsiro ita ce miligiram 10 na dalma da miligiram 0.3 na kadmiyom a kowane kilo, abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Abin da dalma ke yi wa yara an gan shi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga taki ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Haka hukuncin yake ga ruwan kwata da laka daga tabkunan da ƙazantar gari ke gangarawa. Jujin gidanka, wanda ka san abin da ake zubawa a kai, wannan daban ne: ware leda da batir, sauran ya shiga rami.

Ƙananan abokan tafiya

Toka ba taki ba ce cikakkiya, domin naitirojinta ya tafi da hayaƙi. Fotash da alli take bayarwa, tana kuma rage tsamin jigawa. Yakuwa da tafarnuwa suna jin daɗinta, tafi ɗaya ko biyu a murabba'in mita. A ƙasar kanwa kada a zuba ko kaɗan. Kada kuma a cakuɗa ta da ɗanyen kashin kaji, tana korar ƙarfinsa sama. Tokar murhu ake nufi, ba ta bolar da aka cinna wa wuta ba.

Gawayi ya fi ban sha'awa, kuma an fi yi masa mummunar fahimta. Shi kansa ba abinci ba ne ga shuka. Jikinsa ne cike da ƙananan ramuka da ke riƙe ruwa da abincin da zai wuce ƙasa, kuma ba ya ruɓewa da wuri. Takin rami a zafin ƙasarmu shekara ɗaya ko biyu ya ƙare, gawayi kuwa yana nan shekaru masu yawa. A dajin Amazon akwai baƙar ƙasa wadda mutanen can suka zuba wa gawayi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har yau ta fi ta kewayenta albarka. Sharaɗinsa biyu. A daka shi a haɗa cikin rami tare da kashi ya sha tukuna, in ba haka ba a farkon zuwansa abincin shukar zai tsotse, ganye ya yi ɗorawa. Sannan a yi shi da soshiya da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da totuwar masara, ba a sare itace don a gyara fangali ba. Ya fi biyan wahalarsa a wurin da shuka za ta daɗe, kamar ramin zogale da lalle, da kuma bokitai da buhunan tsakar gida inda kowane moɗa na ruwa da lissafi. Shi ma yana da ɗabi'ar toka, don haka ƙasar kanwa ba wurinsa ba ce.

Bedi kuwa ga shi a kowane titi, ƴaƴansa suna zuba ana takawa. Dakakkun ƴaƴan, ko tunkuzar da ta rage bayan an matse mai, taki ne mai matsakaicin ƙarfi, amma babban amfaninsa wajen tsutsar saiwa ne, wadda ido ba ya gani. Idan shuka tana yaushi da rana alhali ta sha ruwa, ka tumɓuke ka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, ita ce, kuma rairayi take so. Yakuwa da ɗoɗɗoya suna cikin waɗanda take kamawa. Tunkuzar bedi tana rage ta, ba ta kawar da ita duka. A cakuɗa da ƙasa kamar sati biyu kafin dashe ko shuka, don sabuwarta tana iya hana iri tsira.

A wajen Gure masu garka suna aiki da kashin jemage da ake ɗebowa daga duwatsun Magarawa. A ɗauke shi kamar na kaji wajen ƙarfi da awo, mai ɗiba da mai barbaɗawa kuma su rufe hanci, ƙurarsa tana iya cutar da huhu.

Takin zamani fa? Ba guba ba ne, kuma naitirojin da saiwa ke sha daga yuriya shi ne dai wanda take sha daga kashin akuya. Dabarar sa ɗan tsunkulen taki a gindin shuka, wadda aka gwada a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ta taimaki masu hatsi. Aibinsa ga mai tsiron magani shi ne sauƙin wuce gona da iri, ga shi ba ya ƙara wa jigawa jiki ko riƙon ruwa, yawan yuriya ma ƙara mata tsami yake yi.

Kowane tsiro da nasa

Zogale mai ci ne. A cika ramin dashe da takin rami na awaki da shanu da ɗan gawayi, bayan kowane yanka a ƙara ruɓaɓɓen na kaji kaɗan a kewaye, nesa da jikin itacen, a rufe da ƙasa kafin ban ruwa. Na'ana'a ma tana son abinci da laima, amma da yake a ƙasa take kwance ana kuma yankanta akai-akai, takin da ya gama nuna kaɗai za a ba ta. Ɗoɗɗoya da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo takin awaki ya ishe su, idan aka cika musu sai ƙamshin ya yi sanyi. Yakuwar zoɓorodo taki kaɗan tun wajen shuka, da ɗan toka, shi ke nan. Furenta da gajartar yini yake tafiya, ba da yawan taki ba. Tafarnuwa ƙarfin warinta daga sinadarin farar wuta yake, takin dabbobi kuma yana ɗauke da shi, amma ɗanye yana ruɓar da kai, kuma a daina ƙara mata taki da zarar ta fara ɗaurin kai. Hulba dangin wake ce, tana samo naitirojinta daga iska, fosfor ta fi buƙata. Mai shuka tazargade ya rage hannu wajen na kaji, ya kuma san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen a madadin maganin masassara na asibiti. Yaro mai zafin jiki likita za a kai shi.

Akwai kuma waɗanda zuba musu taki asara ce kawai. Filasko, sabara, kalgo, aduwa, tumfafiya, duk ƴan jigawa ne, sun saba da yunwa da ƙishi. Abin da suke nema kariya ce daga gatari da bakin akuya. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun nuna hakan a aikace: barin tofon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, dabarar da ta bazu daga Maradi tun shekarun 1980, ta mai da itatuwa kan fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo kansa masana'antar taki ce. Yana kakkaɓe ganyensa da damina daidai lokacin da shuka ke buƙata, ba ya yi mata inuwa, dabbobi kuma suna kwana gindinsa da rani suna cin ƴaƴansa. Wanda ke da gawo a gona, nan ne wurin yakuwarsa, ba sai ya kai komai ba. Ganyen sabara da na kalgo da aka sassabe, idan aka shimfiɗa su a kan fangali, suna rage ƙishin ƙasa.

Wanda har yanzu yake shakka tsakanin taki biyu, ya raba fangali gida biyu da iri ɗaya da ban ruwa ɗaya, wannan ɓangare na kaji, wancan na awaki. Ya yanka su rana ɗaya da safe, ya shanya su a inuwa ɗaya, kowanne a tabarmarsa. Kada ya yanke hukunci a kan ɗanye. Bayan sun bushe ya auna a sikeli ko a tiya, ya murza kowanne a tafin hannu ya shinshina, ya jiƙa awo ɗaya cikin kofi biyu ya ɗanɗana, ya kuma ba wani tsohon mai magani ko wanzamin unguwa ya gwada ba tare da an gaya masa wanne ne wanne ba. Hanci da harshe ba su kai na'urar ɗakin bincike ba, ba kuma za su gano dalma ba, amma ga ɗoɗɗoya da na'ana'a da tafarnuwa da zoɓorodo suna nuna bambanci a fili. A maimaita a yanka na biyu da na uku, domin na kaji yakan yi fintinkau a yankan farko, na awaki kuma sai daga baya yake kamo shi.